Shayin wanke jini da aljihun maigida

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Agege, 'ya'yana uku, na ƙarshen yana kan nono. Maigidana dillalin tumatir da tattasai ne a kasuwar Mile 12, tun kafin asuba yake fita, sai bayan magariba muke ganinsa. Wata huɗu ke nan da yayansa ya rasu a Kano bayan doguwar jinyar ƙoda, har wankin ƙoda aka yi ta yi masa. Tun daga nan hankalina bai kwanta ba, domin shi ma maigidan kullum cikin gajiya da ciwon kai da ciwon baya yake. Kusan kowane dare sai ya sha ƙwayoyin ciwon jiki da ake haɗa masa a kemis, da safe kuma ya kurɓi maganin kwalba a tasha. In na ce asibiti sai ya ce lafiyarsa ƙalau.

Akwai maƙwabciyata da muke adashi tare, tana sayar da wani shayi ta WhatsApp. Ta ce yana wanke jini da hanta da ƙoda, ya fitar da duk gubar da ta taru a jiki. Na sayi na mutum biyu a kan naira 25,000. Ƙa'idarsa kwana bakwai ba cin abinci mai nauyi, sai ruwan lemon tsami da citta da kokwamba. Na fara gwadawa a kaina kafin in ba shi. Yau kwana uku ina zawo, in na miƙe jiri ke ɗibata. Na gaya mata, ta ce dattin ne ke fita, in daure. Surukata kuma ta ce in jiƙa masa garahuni da ɓawon maɗaci. Anti, wane abinci ne yake wanke jiki da gaske? Kuma yaya zan yi da maƙwabciyar nan, ba na son mu ɓata.

Ƙanwarki daga Agege

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya jiƙan yayan maigida, Ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, ku kuma Ya ba ku haƙuri.

Ki ajiye shayin nan yau, kuma kada ko kurɓi ɗaya ya shiga bakin maigida. Abin da ke fita daga jikinki kwana ukun nan ruwa ne da gishirin jiki, su ne kuma rashinsu ke sa ki jiri. Da yawa daga irin waɗannan shayi, in aka bi diddigi, filasko ne ko danginsa aka busar aka zuba a kwali mai hoto. Filasko kuwa mun san shi tun a gida. Aikinsa ya tsokani babban hanji ya yi ta murɗawa, ya tunkuɗo abin da ke ciki kafin hanjin ya gama tsotse ruwan. Ko wa aka ba, mai lafiya da marar lafiya, haka zai kwana yana zarya banɗaki. Tare da ruwan nan ake asarar sinadarin fotasiyam, wanda zuciya ke buƙata don ta buga daidai. Ita kuwa ƙodar da kike ƙoƙarin karewa, ba abin da ta ƙi jini kamar jiki ya bushe. Ga ki da goyo, wanda ya kamata a ce ƙarin abinci kike samu, kin koma ruwan kokwamba. Wannan shi ne garin gyaran gira a rasa ido.

Ki aika kemis a sayo miki gishirin zawo na ORS. In dare ya yi, ki haɗa da kanki: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, wato ledar ruwan fiya-wata guda biyu, sukari cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. Ki riƙa kurɓa a hankali, ki ci abinci sosai, ki ci gaba da ba yaro nono. In kin daina shayin zawon bai tsaya ba zuwa gobe, ko fitsari ya ragu ƙwarai, ko kina jin zuciyarki na dukan tara-tara, ki tafi asibiti da kwalin a hannunki. Ko da kin ga lambar NAFDAC a jiki, kada ta ruɗe ki. A kan maganin gargajiya, lambar na nuna an duba samfurin da aka kai ta fuskar cutarwa, ba shaida ba ce cewa yana warkar da jerin cututtukan da aka rubuta. Wasu lambobin ma na bogi ne.

Amsar babbar tambayarki ba za ta yi wa masu talla daɗi ba: babu wani abinci ko ganye da ke shiga jiki ya wanke jini. Wannan aiki Allah Ya riga Ya ɗora shi a kan hanta da ƙoda, kuma dare da rana suke yi. Hanta tana nan a dama ƙarƙashin haƙarƙari, nauyinta kusan kilo ɗaya da rabi. Yawancin abin da hanji ya tsotsa daga abinci ko magani, sai jini ya bi da shi ta cikinta kafin ya wuce sauran jiki. Ita ke sarrafa magunguna, ta mayar da dattin da ke fitowa daga nama da wake zuwa wani abu da ƙoda za ta iya fitarwa, ta kwashe ragowar tsofaffin ƙwayoyin jini ta tura cikin ruwan maɗaciya. In ta gaza wannan na ƙarshen ne ake ganin ido ya yi ɗorawa, a ce ciwon shawara. Ƙoda biyun kuma suna tace ruwa kusan lita 180 daga jini a kowace rana, su mayar da kusan dukkansa, lita ɗaya zuwa biyu kacal ke fita fitsari. Muddin suna lafiya, ba sa jiran shayin kowa. In kuma suka kasa, kin ga abin da ya faru da yayan maigida: na'ura ce ake ɗaura mutum a kai, awa kusan huɗu, sau biyu ko uku a mako.

Duk mai ce miki guba ta taru a jikinki, ki tambaye shi wace guba, meye sunanta, wane gwaji ya nuna ta, kuma wane gwaji zai nuna ta fita. Guba ta gaskiya tana da suna kuma ana auna ta. Ki tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda niƙa duwatsun zinare da ake yi a cikin gidaje. An ɗebi jinin yaran an auna dalmar, likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, suka riƙa ba su magani na musamman da ke kama ta ya fitar, ana sake aunawa. Amma abin da nake so ki lura da shi shi ne wannan: a ƙauyen Bagega sai da aka kankare gurɓatacciyar ƙasar gidaje aka zuba sabuwa a 2013 kafin a fara ba yara maganin, domin banza ne a yi wa yaro magani ya koma ya yi rarrafe a inda gubar take. Toshe ƙofar da abu ke shigowa shi ne farko.

To a gidanki ina ƙofar take? Ni dai daga wasiƙarki na hango ta a aljihun maigida.

Yau in ya tuɓe riga, ki roƙe shi ya nuna miki ƙullin ledar nan ta kemis. Ki zazzage a faranti ki gani: fara, ja, ruwan ɗorawa, kafso mai launi biyu, babu suna, babu kwali. Irin wannan haɗi sau da yawa akwai diclofenac ko ibuprofen ko piroxicam, wani lokaci biyu daga cikinsu a tare, alhali 'yan gida ɗaya ne. Suna kashe ciwon baya, gaskiya ne, amma suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, suna tada hawan jini, suna ƙwaƙule ciki su kawo gyambo. Mutumin da ya wuni a rana yana sauke kwanduna yana zufa, bai sha ruwan kirki ba, ya zo da dare ya haɗiyi waɗannan, ya haɗa wa ƙodarsa zafi biyu. Farasitamol ya fi sauƙi ga ƙoda, amma shi ma yana da iyaka: babban mutum mai lafiya ba ya wuce ƙwaya takwas masu miligiram 500 a awa 24, kuma magungunan mura da yawa akwai shi a ciki, sai mutum ya ninka bai sani ba. Wuce iyakarsa hanta yake ci.

Sai maganin kwalba na tasha, wanda Yarbawa ke kira agbo, da irin namu na basir da ƙarfin jiki. Ba wanda ya san me ke ciki ko nawa ne ma'auninsa, na yau ba lallai ya zama daidai da na jiya ba. Wasu a cikin barasa ake jiƙa su, wanda ko don addini ya kamata ya tambaya. Likitocin ƙoda a ƙasar nan sun daɗe suna kuka da irin waɗannan jiƙe-jiƙe. Garahuni da ɓawon maɗaci da Hajiya surukarki ta ce su ma nan suka faɗa. Ɗaci a baki ba ya nuna abu na gyara hanta, kuma ba a ɗura wa mutumin da ba a san halin da ƙodarsa ke ciki ba jiƙon da ba shi da ma'auni. Kada ki yi musu da Hajiya. Uwa ce da ta binne ɗa ɗaya take tsoron na biyu. Ki ce mata, "Hajiya, bari a fara auna shi mu ga inda matsalar take, kada mu yi magani a duhu." Ki ma roƙe ta ita ta umarce shi da zuwa awon. Abin da miji zai yi wa matarsa gardama a kai, sau da yawa kalma ɗaya daga uwa ta isa.

Awon ba wani abu ne mai yawa ba. Hawan jini da ciwon sukari su ne manyan masu kashe ƙoda, kuma dukansu kan yi shekaru ba su yi motsin da za a ji ba. Ita kanta ƙodar takan yi asarar kaso mai yawa na ƙarfinta mutum na yawonsa. Wanda ɗan'uwansa na jini ya yi ciwon ƙoda yana cikin waɗanda ya kamata su riƙa dubawa. A auna jininsa, in ana samun 140 bisa 90 ko fiye a lokuta daban-daban, hawan jini ne. A auna sukari, a duba fitsari, a ɗebi jini a duba aikin ƙoda da na hanta. Sannan ku nemi gwajin ciwon hanta nau'in B, ki riƙe sunansa, HBsAg, da na nau'in C.

Na tsaya a kan nau'in B domin yana da yawa a cikinmu, kuma shi ne irin abin da masu shayin wanke hanta ba sa ambata. Ƙwayar cuta ce da ke zama a hanta shekara da shekaru shiru. Ana ɗaukarta daga uwa wajen haihuwa, ta askar wanzami da ba a sauya ba, ta almakashin masu yankan farce da ke zagaya kasuwa suna yi wa mutum goma da ƙarfe ɗaya, da kuma tsakanin miji da mata. Ba zogale ko tafarnuwar da ke kore ta. Akwai magungunan asibiti da ke danne ta ga wanda likita ya ga yana buƙata, akwai kuma allurar rigakafi sau uku ga wanda bai kamu ba. Sai a 2004 aka sa wannan allura cikin rigakafin yara na yau da kullum a Najeriya, ke nan ke da maigida da wuya a ce an yi muku kuna ƙanana. Ki duba katin rigakafin yaranki ma.

Duk wannan ana yi a babban asibitin Orile-Agege da ke kusa da ku, ko a fara daga cibiyar lafiya ta unguwa. In an ga abin da ya fi ƙarfinsu za su tura ku asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja ko na LUTH a Idi-Araba. Ki kuma tambaya game da inshorar lafiya ta jihar, Ilera Eko. Kuɗin shayin nan da sun ɗauki wani kaso mai kyau na gwaje-gwajen, amma abin da ya wuce ya wuce.

Yadda za ki shawo kansa: kada ki mayar da mutuwar yayansa bulala. Namiji in aka tsorata shi da abin da shi ma yake tsoro a ransa, sai ya ƙara taurin kai. Ki fara zuwa ke ki yi naki, tunda ga dalili ya samu, ki dawo ki nuna masa takardar ki ce saura shi. Ki zaɓi safiyar Alhamis da ake tsaftar kasuwa, don kada ya ce zai yi asarar ciniki. Amma in kin ga idonsa ya yi ɗorawa, ko ƙafa da fuska na kumbura musamman da safe, ko fitsari na kumfa sosai ko ya yi duhu kamar shayi, ko yana amai da ƙaiƙayin jiki, ba sauran lallashi. Ranar za a tafi, ko da sai kin kira abokansa na kasuwa sun sa shi a mota.

Mu dawo kicin. Abin dariyar shi ne, kayan da ake busarwa a sa a kwali a sayar miki da tsada, mijinki a tsakiyarsu yake wuni. Suna da amfani, amfanin abinci: suna ba hanta da ƙoda abin da suke aiki da shi, suna sa bayan gida ya tafi daidai, suna taimakawa wajen riƙe jini da sukari da ƙiba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana. A ido, kamar cikin tafin hannu biyar ke nan, a rarraba daga safe zuwa dare.

Zogale na gaba. Kwaɗonsa da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa abinci ne na gaske, akwai sinadarin ƙarfe mai gina jini da bitamin A, ke mai shayarwa ma ya yi miki. Ganyen nake nufi, a dafa a ci, ban ce saiwa ko ɓawo ba. Rama, yakuwa, alayyafo, kuɓewa, miyar kuka, duk haka. In na Arewa ya yi tsada, ki ɗauki na nan: ewedu ai lalo ne, efo kuma akwai alayyafonmu a ciki, ga ugu. Shuwaka a miya ba laifi, amma matse ɗanyenta a cika kofi a shanye kullum wani abu ne daban.

Zoɓo na cikin 'yan kaɗan da aka gwada a kan mutane aka ga yana ɗan sauke hawan jini. Ɗan saukewa na ce, ba ya maye gurbin magani, kuma wanda ke kan maganin hawan jini ya gaya wa likitansa yana sha. Matsalarsa biyu. Ta farko sukarin da muke narka masa har cokali ya kusa tsayawa. Ta biyu ruwan da aka haɗa shi. A watan Yunin 2024 da kwalara ta ɓarke a Legas, jami'an lafiyar jihar sun danganta wasu daga cikin waɗanda suka kamu da wani kunun aya marar rajista da suka sha. Ki dafa naki a gida, da citta da kanumfari da ɓawon abarba da aka wanke, sukari kaɗan, ki zuba masa a gorar da kika wanke da hannunki.

Tsamiya na sassauta ciki a hankali, kununta da safe ya fi shayin kwali nesa ba kusa ba. Citta na kwantar da tashin zuciya. Tafarnuwa da kurkum a cikin girki alheri ne, amma in aka tattara su a kafso ana haɗiya da yawa, lissafi ya sauya: an sha samun waɗanda kafson kurkum ya taɓa musu hanta, tafarnuwa mai yawa kuma na iya sa jini ya yi jinkirin daskarewa. Lemon tsami yana da bitamin C, yana sa ruwa daɗin sha, iyakarsa ke nan. Ba ya narka kitse, yawansa na cin haƙori, mai gyambon ciki kuma ya san yadda suke kwashewa. Kokwamba da kankana kusan duk ruwa ne, a ci don daɗi da sanyi.

Abin da ya fi jerin nan muhimmanci shi ne me ke cika cikin maigida daga asuba zuwa magariba. In burodin Agege ne da shayi mai sukari cokali huɗu, da rana taliyar leda da lemon kwalba, la'asar kuma abin sha mai ƙara kuzari don kore barci, to kwaɗon zogale na dare ba zai goge wannan ba. Ma'aunin sukari ga babba kada ya wuce kamar cokalin shayi 12 a rana, ƙasa da haka ma ya fi, kuma gorar lemo ɗaya mai rabin lita takan kai kusan haka ita kaɗai. Yawan sukari da tumbi ke tara kitse a hanta, ko ga wanda bai taɓa ɗanɗana giya ba, kuma maganin wannan rage nauyi ne a hankali. Ki mayar da shi kan abin da ya tashi da shi: tuwon dawa, kunun gero, dambu, fate, wake da ganye, fura da nono ba tare da an cika sukari ba. Gishiri kuma ma'auninsa giram 5 a rana, ƙasa da cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙule da yajin tsire da kanwa. Ki rage dunƙulen da rabi ki ƙara daddawa da albasa. Mako biyu za a yi ana ƙorafi, daga nan harshe ya saba.

Ruwa kuma, 'yan kasuwa da direbobi da yawa da gangan suke ƙin sha don gudun neman banɗaki a kasuwa ko cikin cunkoson hanya. Ki ce masa ya riƙa kallon fitsarinsa: in ya yi fari-fari ya sha isasshe, in ya yi ja-ja yana bin kansa bashi. Gajiyar da yake kuka da ita ma, ki lissafa awa nawa yake barci kafin ki zargi wata guba.

Akwai guba ta gaskiya da ke shigowa ta kicin, ita ce nake so ki sa wa ido. Gyaɗa da masara in suka sha danshi suna yin fumfuna mai fitar da aflatoksin, wanda aka tabbatar yana kawo kansar hanta, kuma haɗarin na ninkuwa sosai ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Iskar Legas ba irin ta Kano ba ce, buhun da zai shekara lafiya a can nan wata biyu ya ishe shi ya canja wari. Dafawa da suya ba sa kashe wannan guba. In kin sayo gyaɗa ki baza a faifai a wurin haske, ki tsince wadda ta yamushe, da mai baƙi-baƙi ko kore-kore, da wadda ƙwaro ya huda, ki zubar. In kin tauna kin ji ɗaci ki tofar. Ƙuli-ƙuli da tunkuza ki saya wurin wadda kika san irin gyaɗar da take aiki da ita, ko ki yi naki, domin rubabbiyar gyaɗa a nan ake ɓoye ta. Ki riƙa sayen daidai na 'yan makonni, ki ajiye a busasshen mazubi mai murfi, nesa da ƙasa.

Wake kuma ki sunsuna kafin ki biya. Wasu na zuba masa fiya-fiya ko Sniper don kore ƙwari, kuma saboda ragowar irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Najeriya a 2015. Gara wanda ƙwaro ya ɗan taɓa da wanda ke warin magani. A gida jarka mai murfi da iska ba ta shiga ta isa ta kashe ƙwarin. Fasasshen tumatir da ya fara fari-fari, wanda ake tarawa a sayar da araha da yamma, matar dillali ba ta da uzurin kawo shi gida. Ganye a wanke da ruwa mai tsabta sau biyu ko uku, ban da omo. In kuma akwai man bilicin a kan madubinki, ban ce akwai ba, wasunsu na ɗauke da sinadarin makyuri mai lalata ƙoda, kuma yana iya kaiwa ga yaron da ke jikinki.

Sharaɗi ɗaya ke kan duk abin da na lissafa. Wannan abincin mai lafiya ne. In gwaji ya nuna ƙodar maigida ta yi rauni, tsarin zai sauya: ayaba, lemon zaƙi, ruwan kwakwa, tumatir da ganye masu yawa na iya tara masa fotasiyam fiye da yadda ƙodar za ta fitar, har ruwan sha ma wani lokaci sai an ƙayyade. Shi ya sa nake ta tura ku awo kafin ki cika masa tukunya da ganye.

Maƙwabciyarki kuma, ina kyautata zaton ita ma sayar mata aka yi da labarin, ta yarda, ta zuba kuɗinta. Kada ki kai maganar zauren adashi ko ki rubuta a guruf. Ki same ta ita kaɗai bayan kin dawo daga asibiti, ki ce jikinki bai karɓa ba, ga goyo, kin dakata, maigida kuma sai an auna shi. Ki tambaye ta ko za ta karɓi kwalin da ba a buɗe ba ta mayar miki da rabin kuɗinki. In ta ce ba hali, ki bar shi, kada ki bayar da shi kyauta ga wata. Sannan ki gaya mata a hankali, don ita ma ta tsira, ta daina ba masu ciki da masu shayarwa da tsofaffi da masu shan maganin hawan jini ko sukari, kuma duk wadda ta ce mata tana zawo har da jiri, ta ce ta tsaya. In ta ji haushi na kwana biyu, ki ci gaba da gaishe ta kina zuba adashinki a kan lokaci. In sakamakon awon ya fito ki sake rubuto mini, mu tsara girkin gidan a kan abin da takardar ta nuna.